Sabon Lauya Da Ƙaramin Ofis: Nasiha Ga 'Ya'yanmu Da Iyayen Gidansu

A wannan mako zan jingine batun siyasa, in fuskanci ƙannenmu da 'ya'yanmu da suka kammala karatun lauya suka fito neman inda za su fara aiki, musamman waɗanda suka taso a garuruwa irin su Nasarawan Doya da Gubuchi da Gimi a ƙasar Maƙarfi, da maƙwabtansu na Kudan da Ikara. Maganar tasu ce, amma ta shafi manyan lauyoyin da ke ɗaukar su aiki, ta kuma shafi duk mai gona ko gado ko ɗan'uwa a hannun 'yan sanda.

Duk wanda ya ga yaro ya sanya baƙar riga da hular gashi, to ya sani an sha tafiya. Shekara 5 ake yi a jami'a, a ƙara shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, ko a Bwari ko Bagauda ko Yola ko wani reshenta, sannan a yi shekara guda ta hidimar ƙasa. Shekara 7 ke nan idan komai ya tafi daidai, alhali wanda ya ratsa jami'a a 'yan shekarun nan bai manta da yajin aikin malamai na 2020 ba, da na 2022 wanda ya ci wata 8. A gida irin namu, kuɗin wannan karatu daga gona yake fitowa. An sayar da rake tun yana tsaye, an fitar da masara daga rumbu kafin ta yi daraja, wata uwa ta rabu da tumakinta. Saboda haka ranar da aka rantsar da yaro, gari duka ke murna, kuma tun daga ranar sunansa na yanka ya ɓace, sai dai Barista.

Bayan walima sai gaskiya ta yi halinta. Burin kowa shi ne babban ofis a Abuja ko Legas, ko ma'aikatar shari'a, ko sashen doka na wani banki. Guraben nan ba su da yawa, masu nema kuwa dubbai ne a kowace shekara. Abin da ya rage wa mafi yawansu shi ne ƙaramin ofis: ɗaki biyu a saman bene a Sabon Garin Zariya, da maigida ɗaya, da sakatariya ɗaya, da kantar littattafan hukunce-hukunce, da ɗan janareta. Da yawa suna shiga irin wannan ofis kai a sunkuye, suna ɗaukar sa wurin fakewa kafin ruwa ya ɗauke. Ni a ganina sun yi wa wurin gurguwar fahimta. Ƙaramin ofis shi ne makarantar da ta fi kowace koyar da aikin lauya, kuma shi ne ya fi kusa da mutanen da suka biya kuɗin karatun, da sharaɗin maigida ya koyar, ya kuma biya haƙƙi.

Yana da kyau mu waiwayi tarihi kaɗan domin mu gane dalilin da ya sa lauya ya zama baƙo a karkararmu. A zamanin Turawa, da ma shekaru bayan tafiyarsu, doka ta hana lauya tsayawa a gaban kotun alƙali a Arewa, kuma can ne talaka ke kai ƙararsa. Sai bayan kundin tsarin mulki na 1979 ne manyan kotuna suka rushe wannan hani, bisa hujjar cewa wanda ake tuhuma yana da 'yancin ɗaukar lauyan da yake so. Lauya na farko ɗan Arewa, marigayi Alhaji Abdulganiyu Folorunsho Abdulrazaq mutumin Ilori, sai a 1955 aka rantsar da shi a Ingila, kuma a Zariya ya zauna yana aikin lauya mai zaman kansa. A 1962 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, wadda tsangayarta ta shari'a ke Kongo har gobe. A 2001, zamanin Gwamna Ahmed Mohammed Maƙarfi, Jihar Kaduna ta sake fasalin ƙananan kotunanta, aka sami kotunan shari'ar Musulunci da kotunan al'ada a gefen na majistare. Yau ƙofar duk waɗannan kotuna a buɗe take ga lauya. Abin da ya rage shi ne tsohon zato bai gushe ba. Har yanzu mutumin ƙauye yana ganin lauya na masu kuɗi ne, aikinsa kuma mayar da ƙarya gaskiya. Ba za a kawar da wannan zato daga Abuja ba.

To me sabon lauya ke samu a ƙaramin ofis? Na farko, yana ganin shari'a tun daga tushe har ƙarshe. A babban ofis za a iya ba shi ɓangare guda na bincike ya shekara a kai, bai taɓa ganin fuskar mai shari'ar ba. A ƙaramin ofis kuwa shi zai zauna da dattijo ya saurari labarin da ya faro tun daga kakanni, ya tace shi, ya fitar da abin da kotu ke buƙata, ya mayar da shi Turancin doka. Shi zai kai takardu rajista, ya biya kuɗin shigar da ƙara, ya bi sawun mai kai sammaci har ya tabbatar takarda ta shiga hannun wanda ake ƙara. Ranar da maigida ya tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara a Kaduna, shi za a miƙa wa fayil a ce ya je ya tsaya a madadinsa. Gwiwa za ta yi rawa, murya za ta shaƙe, mai shari'a zai yi masa tambayar da bai shirya mata ba. Bayan wata 6 sai ka ga yaron ya miƙe yana magana kamar an haife shi a kotu. Makaranta tana koyar da abin da doka ta ce. Yadda ake tambayar shaida har ya warware zancensa da bakinsa, da lokacin da ya kamata lauya ya yi shiru ya zauna, sai a gaban alƙali ake koyon su.

A nan ne kuma yake gane cewa ƙaramin sakaci ke kashe babbar shari'a. Wanda bai gamsu da hukuncin ƙarshe na Babbar Kotu ba a shari'ar da ba ta laifi ba, wata 3 gare shi ya ɗaukaka ƙara. Idan hukuncin tsakiyar shari'a ne, kwana 14 kacal. Wanda zai ƙalubalanci sakamakon zaɓe, kwana 21. A 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka sanya wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, ta ce dole sai mutumin da sunansa ke cikin rajistar lauyoyi ne zai sa hannu da sunansa. Shari'o'i da dama sun rushe saboda wannan hukunci. Ni kuwa wani darasi nake gani a cikinsa ga matasa: doka ba ta san allon da aka kafa a ƙofar ofis ba, komai girmansa, sunan lauya ta sani. Sa hannun yaron da ke aiki a ɗaki biyu a Zariya nauyinsa ɗaya da na wanda ke hawa na goma a Legas.

Abu na biyu shi ne irin shari'ar da za ta zo masa. Mutanen Maƙarfi da Kudan da Ikara ba rikicin hannun jari ke kai su kotu ba. Gona ce, da gado, da aure, da bashi. Mu ɗauki misali guda da kowa ya sani. Mutum ya matsu da kuɗin asibiti, ya jinginar da fadamarsa ga maƙwabcinsa a gaban mutum biyu, ba a rubuta komai ba domin ana ganin rubutu rashin yarda ne. Shekara 20 ta wuce, masu yarjejeniyar sun rasu, shaida ɗaya ya bi su. 'Ya'yan wannan suna cewa jingina ce, 'ya'yan wancan suna cewa ciniki ne. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi akwai hukuncin hauzi, wato wanda ya riƙe wuri shekara 10 yana amfani da shi a gaban idon mai da'awa, shi kuwa bai ce uffan ba alhali babu abin da ya hana shi, to da'awarsa ta faɗi, in ba tsakanin dangi ba ne, inda wa'adin ya fi haka tsawo. Amma hauzi ba ya cin abin da aka tabbatar aro ne ko jingina ko amana. Ka ga ashe makomar gida guda ta rataya ne a kan ko za a iya tabbatar da kalma ɗaya. Lauyan da zai yi wannan aiki sai ya san Tuhfa ta Ibn Asim da Risala da Mukhtasar, ko aƙalla ya san malamin da zai durƙusa a gabansa. Sai ya san izari, wato damar ƙarshe da alƙali ke bai wa wanda hukunci zai hau kansa ya kawo sauran hujjarsa, domin rashin yin sa kaɗai ya isa kotun sama ta soke hukunci. Sai kuma ya haɗa da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, da yadda ake rajistar fili a hukumar KADGIS.

A wannan fage ɗan Nasarawan Doya yana da jarin da ba a saya da kuɗi. Ya san bambancin gandu da gayauna. Ya san abin da ake nufi idan an ce an sayi rake a gona, da irin rigimar da ke tashi tsakanin manomi da dillali idan farashi ya karye kafin a sare. Ya san matsayin mai unguwa da dagaci a cinikin fili, ya san kuma yadda ake gaida dattijo kafin a yi masa tambaya mai nauyi. Da Hausa ake shari'a a kotunan Musulunci, kuma Hausar ce harshensa. Wanda ya bar duk wannan ya tafi inda zai zama ɗaya daga cikin ɗari masu ɗaukar jaka, ya yi tunani sau biyu. Haka nan 'yan'uwanmu mata da suka karanci doka. Matar da ke neman khul'i, ko kuɗin ciyar da 'ya'ya, ko rabonta na gado da 'yan'uwa maza suka danne, akwai maganar da ba za ta iya faɗa wa namiji ba ko da lauyanta ne. Mai shari'a Aloma Mariam Mukhtar ta riƙe kujerar Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 2012 zuwa 2014, don haka batun ko mace za ta iya ya wuce. Abin tambaya shi ne ko za a same ta kusa da matan da ke buƙatar ta.

Abu na uku shi ne ofishin 'yan sanda. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana guda idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta haramta kama wani a madadin wani, ta kuma haramta kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, kuma Jihar Kaduna ta yi tata dokar a 2017. Duk da haka, wane ne a cikinmu bai san wanda aka tsare saboda bashin taki ba, ko uban da aka kama don ɗansa ya gudu? Kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Doka tana nan a rubuce, mai tunatar da ita ne babu. Sau da yawa zuwan lauya guda da takarda shafi ɗaya shi ne bambancin kwana biyu da shekara biyu. Na san ana yi wa masu wannan aiki ba'a, ana kiran su lauyoyin caji da beli. Abin kunya shi ne lauya ya riƙa shawagi a harabar kotu yana farautar masu shari'a, ko ya haɗa baki da ɗan sanda ana raba kuɗin beli. Fitar da wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba kuwa yana cikin mafi darajar ayyukan lauya.

Yanzu bari in juya ga manya, domin duk abin da na faɗa a sama zai zama tatsuniya idan ba su sauke nasu nauyin ba. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Kusan duk ƙananan ofisoshin lauyoyi sun faɗa cikin wannan rami. Sakamakon haka akwai lauyoyin da ake biya ƙasa da abin da doka ta yanka wa masinja a ma'aikata, akwai ma waɗanda ba su da albashi sam, sai ɗan kuɗin mota ranar da aka aike su kotu. Daga cikin wannan ne yaro zai biya kuɗin lasisin aiki kafin 31 ga Maris na kowace shekara, da kuɗin reshen ƙungiya, da na hatimi, ya wanke farar riga kullum, ya biya haya, gida kuma an zuba masa ido domin an ce ya zama Barista. A 2023 an fitar da ƙa'idar mafi ƙarancin abin da lauya zai caji mai shari'a, abu ne mai kyau, amma kuɗin da ya shiga asusun ofis ba shi ne ya shiga aljihun ƙaramin lauya ba.

Hujjar manya ita ce su ma haka suka taso, kuma ilimin da suke bayarwa ya fi kuɗi. Akwai gaskiya a ciki, kuma na san ofis da yawa kansu da ƙyar suke biyan haya, domin masu shari'a ba sa biya a kan lokaci. Sai dai ilimi ba ya hana ciki kuka. Lauya mai yunwa haɗari ne ga jama'a kafin ya zama haɗari ga kansa. Shi ne zai taɓa kuɗin diyyar da aka biya ta hannunsa da niyyar zai mayar, alhali ƙa'idar aiki ta ce kuɗin mai shari'a asusunsa daban. Shi ne zai zuga mutum ya shiga shari'ar da ya san ba za a ci ba. Ranar da kwamitin ladabtar da lauyoyi ya soke sunansa, za a ce yaron ba shi da tarbiyya, ba wanda zai tambayi wanda ya horar da shi da yunwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk inda aka tanƙwara shi can zai bushe.

Abin da nake roƙo ba mai wuya ba ne. Mu da muke rubuta wa mutane yarjejeniya, mu rubuta wa yaranmu tasu: ga albashi komai ƙanƙantarsa, ga ranar biya, ga kason da zai samu a duk shari'ar da ya kawo da kansa. Maigida ya ware lokaci ya zauna da yaro, ya bi rubutunsa layi-layi da jan biro, ya faɗa masa dalilin kowane gyara. Ya shiga da shi ɗakin ganawa da masu shari'a, ya bar shi ya ji yadda ake yanka kuɗin aiki, kada ya ɓoye masa don tsoron gobe zai zama kishiya. Reshen Ƙungiyar Lauyoyi na Zariya yana iya tsayar da mafi ƙarancin abin da mambobinsa za su biya sabon lauya, ya kuma bibiya. Ofisoshin Zariya kuma su gwada ajiye matashi guda a Maƙarfi ko Ikara ko Hunƙuyi, ko da ranar kasuwa kawai, domin manomi ya daina kashe kuɗin mota da yini guda kafin ya ji shawarar minti goma. Hukumar Ba da Tallafin Shari'a da aka kafa tun 1976 ba ta da lauyoyin da za su wadaci ƙauyukanmu, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Jama'ar gari ma da nasu laifin. Mukan biya bakanike da mai gini ba gardama, amma idan ɗanmu ne lauya sai mu ce ai magana kawai zai yi, mu sallame shi da Allah Ya yi albarka. Addu'a tana da kyau, a haɗa ta da haƙƙinsa. Sannan mu daina jira sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Kuɗin rubuta takardar jingina ko ta cinikin gona bai kai kuɗin motar zuwa kotu na shekara guda ba, kuma rubuta bashi umarni ne na addini tun kafin a san da lauya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kai kuma sabon lauya, kafin ka karɓi aiki ka binciki maigida fiye da yadda ka binciki albashi. Shin yana shiga kotu da kansa, ko kuwa dillalin filaye ne mai rigar lauya? Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa suna ina yanzu, kuma me suke faɗa a kansa? Yaya ma'aikatan rajista da sauran lauyoyi ke ambaton sunansa? Idan ka dace da na kirki, ka zauna shekara 2 ko 3 ka sha ilimi, kada ka yi gaggawar kafa allonka. An daɗe ana muhawara a kan a wajabta wa sabon lauya zama a ƙarƙashin babba na wani lokaci, kai ka wajabta wa kanka tun kafin a wajabta maka. Ka karanta fayil tun daren jiya. Ka riga alƙali isa kotu. Ka girmama magatakarda da masinja. Ka faɗa wa mai shari'a gaskiya ko da za ta kore shi, ka nuna masa hanyar sulhu idan ita ta fi, musamman tsakanin 'yan'uwan da gobe za su haɗu a jana'iza ɗaya. Idan kuwa ka ga maigida na cin amanar mutane, ka tattara littattafanka ka bar shi, ko da ba ka san inda za ka ba.

Sai lauya ya shekara 10 da rantsuwa kafin a yi maganar ba shi muƙamin Babban Lauyan Nijeriya ko kujerar alƙalin Babbar Kotu. A lokacin ba za a tambaye shi faɗin ɗakin da ya fara aiki ba. Shari'o'in da ya yi za a ƙirga, a kuma tambayi alƙalai da abokan aiki halinsa. Ƙasar Zazzau da ta haifi marigayi Mai shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda ya shugabanci Kotun Ƙoli daga 1995 zuwa 2006, ba ta gaza haifar wani ba, kuma babu abin da ya hana ya fito daga Nasarawan Doya.

Allah Ya yi wa karatun 'ya'yanmu albarka, Ya haɗa su da iyayen gida masu tsoronSa, Ya tsare su daga cin haƙƙin marayu da raunana. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Mai Duka Ya kai mu.